Allurar gwiwar hannu bashi ce, kuma da ruwa ake biyan ta

Ciwon yakan fara bayyana ne a wurin alwala. Manomi ya kai hannu zai ɗaga buta, sai ya ji kamar an soka masa tsinke a ɗan tudun ƙashin nan da ke gefen waje na gwiwar hannunsa. Babu kumburi, babu rauni, bai faɗi ba, ba a buge shi ba. Kwana biyu sai musabaha ta zama abin fargaba, ƙotar fartanya ta riƙa suɓucewa daga hannunsa. A cikin gida kuma matarsa na iya jin irin wannan a wurin matse wanki, ko jan guga, ko ɗaga taɓarya. Mako ya wuce, wata ya wuce, ciwon bai kwantar da mutum ba, bai kuma sake shi ba.

A Birnin Gwari wannan ƙaramin ciwo yana da nauyin da ya fi girmansa. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna cin karensu babu babbaka a dajin Kamuku da kan hanyar Kaduna sun raba dubban mutane da gonakinsu. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanun da ta yi kusan shekara goma a rufe. Sulhun yana da masu suka, kuma babu mai cewa tsoro ya ƙare, amma jama'a sun fara komawa gonakin da suka zama saura. Gonar da ta zama saura kuwa gatari da adda take bukata kafin ta karɓi iri. Hannun da ya daɗe bai yi sassabe ba, aka ɗora masa aikin shekaru a cikin 'yan makonni, shi ne irin hannun da jijiyarsa ke fara kokawa.

Abin da mai ciwon ke nema a bayyane yake: maganin da zai mayar da shi gona gobe. Akwai irin wannan magani, allura ce, kuma tana aiki. Sai dai binciken likitoci na fiye da shekara ashirin ya nuna cewa sauƙin da take bayarwa aro ne. Abin da ya fi ta amfani ba ya cin kuɗi, amma yana cin lokaci, kuma yana bukatar wanda zai zauna ya yi wa majinyaci bayani. Wannan bayanin shi ne abin da ya yi ƙaranci a yankin, kuma samar da shi nauyi ne da ke kan hukumomin lafiya.

Wace jijiya ce ke ciwo?

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya uku. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, akwai kuma igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige. Ta ukun ce ke ciwo a nan. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu suna kwance ne a bayan damtsen ƙasa, kuma da yawansu sun haɗu sun kama ƙashi a wuri ɗaya, a wancan ɗan tudu na gefen gwiwar hannu. Duk sanda mutum ya damƙe abu da ƙarfi, wannan mahaɗa ce ke ɗaukar ja. Akwai ɗan'uwan wannan ciwo da ke kama tudun da ke ta ciki, wajen haƙarƙari, amma bai kai na waje yawa ba.

Wani likita Bajamushe mai suna Runge ne ya fara bayyana ciwon a rubuce a 1873. Bayan kimanin shekara goma likitocin Ingila suka laƙaba masa sunan wasan tanis, sunan ya bi shi har yau, alhali mafi yawan masu fama da shi ba su taɓa riƙe sandar wasan ba. Yakan kama mutum ɗaya zuwa uku a cikin kowane ɗari na manya, ya fi kuma yawa daga shekara 35 zuwa 55, wato shekarun da magidanci ke ɗauke da gida. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Finlan, aka wallafa a 2006, ya danganta shi da aikin ƙarfi mai maimaita motsi iri ɗaya, da kuma shan taba. In aka sauya sunayen kayan aiki, wannan siffar mai huɗa ce, da mai faskare, da maƙeri, da mai fasa dutse a ramin zinare.

An daɗe ana zaton kumburi ne ke haddasa shi. A 1979 likitocin Amurka biyu, Nirschl da Pettrone, suka duba naman jijiyar da suka yanko a wurin tiyata, suka tarar ba kumburi ne ya yi yawa a ciki ba. Abin da suka gani zare ne da ya tsufa ya hargitse, kamar igiyar guga da ta fara sillewa, jiki ya yi ta ƙoƙarin gyara ta bai kammala ba. Jijiya ba ta samun jini kamar yadda tsoka ke samu, shi ya sa gyaranta ke tafiyar hawainiya. Wannan ne kuma dalilin da ya sa hoton ƙashi ba ya nuna komai a yawancin lokuta: ƙashin lafiyarsa ƙalau. Ma'aikacin lafiyar da ya san abin yakan gane shi da hannu, ta hanyar danna tudun da sa majinyaci ya ɗaga wuyan hannu yayin da ake danne shi.

Abin da gwaji ya nuna

Allurar da ake magana a kai ita ce ta sitiroyid, wadda ake yi a daidai wurin ciwon. An gwada ta sau da dama, kuma sakamakon bai cika saɓa wa juna ba.

A 2002 mujallar The Lancet ta wallafa gwajin da aka yi a ƙasar Holan a kan mutum 185. An raba su gida uku: wasu aka yi musu allura, wasu aka tura su wurin likitocin gashi, wasu kuma aka yi musu bayani kawai aka ce su jira. Bayan mako shida, kashi 92 cikin 100 na 'yan allura sun samu sauƙi sosai, 'yan gashi kashi 47, masu jira kashi 32. Da a nan aka tsaya, da babu sauran gardama. Amma da shekara ta zagayo sai lissafi ya juye: 'yan gashi kashi 91, masu jira kashi 83, 'yan allura kashi 69. Waɗanda ba a yi wa komai ba sun wuce waɗanda aka yi wa allura.

A 2006 masu bincike a birnin Brisbane na Ostireliya suka maimaita irin gwajin da mutum 198. A cikin mutum 65 da aka yi wa allura, ciwon ya dawo wa 47. A 2013 suka ƙara tsananta gwajin, suka kwatanta allurar sitiroyid da allurar ruwan gishiri zalla a kan mutum 165, ba tare da majinyaci ya san wadda aka yi masa ba. Bayan shekara guda, kashi 96 na 'yan ruwan gishiri sun warke ko sun samu sauƙi ƙwarai, 'yan sitiroyid kashi 83. Ciwon ya dawo wa kashi 54 na 'yan sitiroyid, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 12 ne kawai.

Manomi ya san irin wannan ciniki. Shi ne bashin da ake ci da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a biya da kaka da ƙari. Allurar tana kashe zafin, jijiyar kuwa tana nan yadda take. Mutum ya ji garau ya koma kan gatari da cikakken ƙarfi, igiyar da ta fara sillewa ta ci gaba da ɗaukar kaya babu mai yi mata kuka. Ga kuma wasu illoli: tana iya kashe launin fatar wurin, abin da ya fi fitowa fili a baƙar fata, tana iya sa naman wurin ya lotsa, tana kuma ɗaga sukarin mai ciwon suga na 'yan kwanaki.

Magungunan da suka fi tsada ma ba su yi abin a zo a gani ba. Akwai allurar da ake ɗebo jinin mutum a tace a mayar masa a wurin ciwon. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2021, wadda ta tattara gwaje-gwaje masu yawa, ba ta ga wani amfani na a-zo-a-gani a cikinta ba. Haka na'urar da ke bugun wurin da girgiza. Ita kanta tiyata, a wani ƙaramin gwaji na mutum 26 da aka yi a Sidni aka wallafa a 2018, waɗanda aka yi wa aikin sosai ba su fi waɗanda aka tsaga wa fata aka ɗinke kawai samun sauƙi ba.

Labari mai daɗi yana cikin wata bita ta 2022 da likitocin Finlan suka yi. Sun gano cewa kimanin mutum tara cikin goma suna warkewa a cikin shekara guda ko da ba a yi musu wani magani na musamman ba, kuma daɗewar ciwon a baya ba ta rage wa mutum damar warkewa a gaba. Wanda ya yi wata takwas yana fama bai zama na daban ba.

Kemis, ƙaho da maɗori

Wanda ke Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa ba asibiti yake fara zuwa ba. Kemis ne mafi kusa, kuma mai kemis ɗan gari ne, yana ba da bashi, ba ya sa mutum bin layi. A can ne ake haɗa wa mai ciwon jiki ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulla a leda, a wasu lokutan har da allura a ɗuwawu, duk da cewa lasisin masu irin waɗannan shaguna bai ba su ikon yin allura ba. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam 'yan gida ɗaya ne. Haɗa biyu a cikinsu ba ya ninka sauƙi, haɗari yake ninkawa. Shan su na 'yan kwanaki bayan an ci abinci yana iya taimakawa. Shan su wata da watanni, ga aikin rana, ga ƙarancin shan ruwa, hanya ce zuwa gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma yana tayar da hawan jini. Ba ciniki ba ne mutum ya sayar da ƙoda don ya sayi gwiwar hannu.

Bayan su akwai tramadol. Binciken ƙasa kan shan ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Ba kowa ne ya fara don maye ba. Akwai wanda ya fara don ya iya kammala ƙwadagon yini. Ciwon da ke ɗaukar watanni, a jikin mutumin da ba ya iya barin aiki, ƙofa ce a buɗe ga wannan ƙwaya.

Masu maganin gargajiya kuma suna da nasu matsayin. Maɗori gwanin karaya ne da targaɗe, amma a nan babu abin da ya karye balle a ɗora, kuma ɗaure hannu da karare na makonni yana ƙara wa tsoka rauni ne, ya sa gaɓa ta sandare. Ƙahon wanzami da tsaga ba sa kaiwa ga jijiyar, ga haɗarin aska ɗaya a jikin mutane da yawa. Sai dai a yi adalci: tun da ciwon yana warkewa da kansa, duk wanda ya taɓa hannun daga ƙarshe shi ke karɓar yabo, ko wanzami ne ko likita. Abin da ya sa jama'a ke komawa wurin waɗannan mutane shi ne suna sauraro, suna taɓa wurin, suna ba ciwon suna. Asibitin da ya sallami mutum cikin minti biyu da takardar magani bai kamata ya yi mamaki ba.

Hujjar mai fartanya

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk abin da ya gabata. Mutanen da aka yi gwaji a kansu a Holan da Ostireliya suna da hutun rashin lafiya da albashi mai zuwa ko sun yi aiki ko ba su yi ba. Damina kuwa ba ta jiran kowa. Wanda ya rasa makonnin huɗa da noman farko ya rasa abincin shekara. In allura za ta ba shi mako shida, me ya sa ba zai karɓa ba, ya biya bashin da rani lokacin da aiki ya yi sauƙi?

Wannan hujja ba ta wasa ba ce, kuma likitoci da yawa ba su haramta allurar ɗungurungum ba. Akwai halin da mutum zai zaɓe ta da saninsa, sau ɗaya, a hannun likitan da ya iya. Sharaɗin shi ne a gaya masa gaskiyar cinikin tukuna: sauƙi yanzu, da yiwuwar fiye da rabi cewa ciwon zai dawo, da jinkirin warkewa. Wanda aka gaya wa haka ya zaɓa, ya yi amfani da 'yancinsa. Wanda aka yi wa ba tare da bayani ba, ya dawo a karo na biyu da na uku, an cuce shi. Kuma rani a Birnin Gwari ba hutu ba ne: akwai sussuka da casa, akwai faskare, akwai gini, akwai sassaben baɗi. Bashin yakan iso ne a lokacin da babu abin biya.

Abu na biyu, ba a cewa mutum ya ajiye aiki. Cikakken hutu ba ya gyara jijiya. Abin da take so shi ne a rage mata kaya zuwa abin da za ta iya, sannan a riƙa ƙara mata sannu a hankali.

Abin da ke taimakawa

Farko, sauya yadda ake aiki. Ɗaga kaya da tafin hannu yana kallon sama yana sauke nauyi daga jijiyar da ke ciwo. Ɗaga shi da tafin hannu yana kallon ƙasa yana ɗora mata. A riƙe buta ko bokiti da hannu biyu, kusa da jiki. Ƙota siririya mai santsi tana tilasta damƙa mai tsanani, saboda haka naɗa mata tsumma ko robar taya yana rage wahala. Gatari da adda masu kaifi sun fi dakusassu tausayin hannu, wasa su a wurin maƙeri ya fi kuɗin ƙwaya araha. A raba aikin sara gida-gida, a riƙa sauya shi da wani aikin. A nan ne gayya, wadda ta yi rauni a shekarun gudun hijira, take da amfani na lafiya: mai ciwon hannu ya karɓi shuka ko zuba taki, masu lafiya su karɓi sara.

Na biyu, motsa jijiyar da nauyi. Mutum ya ɗora damtsensa a kan benci ko cinyarsa, tafin hannu na kallon ƙasa, wuyan hannu ya ɗan zarce baki. Ya riƙe abu mai nauyin kimanin rabin kilo, kamar ƙaramar gorar ruwa. Ya ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, sannan ya sake shi ya sauko da kansa a hankali, yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Sau goma zuwa goma sha biyar, a huta, a maimaita sau uku, kullum. Ɗan zafi ba laifi ba ne muddin ya lafa kafin washegari; in bai lafa ba, a rage nauyin. In ya yi sauƙi, a ƙara. Ana bukatar wata biyu zuwa uku kafin a ga bambanci. Wannan ba sihiri ba ne, kuma bincike bai nuna yana sauya sakamakon ƙarshen shekara da yawa ba. Amfaninsa shi ne yana kawo sauƙi da wuri fiye da zaman jira, yana dawo da ƙarfin damƙa, kuma ba ya barin bashi.

Na uku, abubuwan rage zafi marasa haɗari: man shafawa na diclofenac, wanda bai kai ƙwayar illa ga ciki ba, da ɗan maɗauri da ake ɗaurawa a damtse, yatsa biyu ƙasa da gwiwar hannu, a lokacin aiki kaɗai. Mai shan taba kuma ya samu ƙarin dalilin bari.

Akwai alamomin da ke cewa wannan ba ciwon jijiya ba ne, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba: gaɓar ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, hannu ya ƙi miƙewa bayan faɗuwa, yatsu suna mutuwa ko suna rasa ƙarfi, zafin yana saukowa daga wuya, gaɓoɓi da yawa suna ciwo lokaci ɗaya, ko ciwon hannun hagu ya zo tare da nauyin ƙirji. Haka wanda ya shekara yana bin ƙa'ida bai ga sauƙi ba, ya cancanci ganin likitan ƙashi.

Inda nauyi ya rataya

Likitocin gashi a Arewa sun taru ne a manyan asibitoci, irin su Barau Dikko a Kaduna, da asibitin koyarwa na Shika, da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar fiye da kilomita 100 ce. Babu magidancin da zai riƙa bin wannan hanya sau biyu a mako saboda gwiwar hannu, kuma bai kamata a nemi ya yi ba. Abin da yake bukata bai wuce bayanin minti goma da nuni da gorar ruwa ba.

Ƙaramar hukumar tana da mazaɓu 11, ga babban asibitin tunawa da Jibril Mai Gwari a cikin gari. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, irin waɗanda ake horarwa a makarantar Shehu Idris da ke Maƙarfi, za su iya koyon gane wannan ciwo da koyar da motsa shi a yini ɗaya. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Kaduna tana iya sa likitan gashi ya riƙa zagayawa lokaci-lokaci yana horar da su, a buga takarda mai hoto da Hausar boko da ajami, a kuma yi bayani a rediyo kafin faɗuwar damina. Masu kemis su ma a jawo su cikin horon, domin su ne ƙofar farko, sannan hukumar da ke ba su lasisi ta tsaya a kan dokar hana su yin allura.

Ana yawan auna farfaɗowar Birnin Gwari da yawan motocin da ke bin hanya da buhunan masarar da ke shiga kasuwa. Kowane buhu hannu ne ya noma shi. Mai wannan hannu ya jure abin da ya fi ciwon jijiya nesa ba kusa ba, ba haƙuri ne ya gaza masa ba. Abin da ya rage a ba shi shi ne gaskiyar lissafi: ciwon zai tafi, zai ɗauki watanni, ga abin da zai yi kafin nan, ga kuma abin da allurar za ta karɓa daga baya.